Sadarwa Da Hasken Lesa: Sai An Auna Iska Kafin A Zuba Jari

Ran 11 ga watan Disamba na shekarar 2023, wani kumbo mai suna Psyche, mallakar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ya aiko da ɗan gajeren hoton bidiyo na sakan 15 zuwa duniya daga nisan kilomita miliyan 31. Hoton wata kyanwa ce tana wasa, amma ba kyanwar ce ta ja hankalin masana da 'yan kasuwar sadarwa ba, hanyar da hoton ya biyo ita ce abin dubawa. Ba bisa igiyar rediyo ya zo ba kamar yadda aka saba tun farkon zuwa sararin samaniya; bisa hasken lesa ya zo, ya yi tafiyar sakan 101, ya faɗa cikin madubin hangen nesa mai faɗin mita 5 da ke kan dutsen Palomar a jihar Kalifoniya, da gudun megabit 267 a kowane sakan. Injiniyoyin da suka gudanar da gwajin sun bayyana cewa layin intanet da ya ɗauki hoton daga Palomar zuwa ofishinsu bai kai gudun saƙon da ya fito daga can ƙuryar sararin samaniya ba.

Abin da ba a cika faɗa ba game da irin wannan tafiya shi ne, duk tsawon kilomita miliyan 31 ɗin nan hasken ba ya gamuwa da wani cikas, domin babu kome a kan hanyarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne kimanin kilomita 20 na ƙarshe, watau iskar da ta lulluɓe duniya. Wannan iska, wadda ido ke gani garau, ita ce ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya, ita ce kuma dalilin da ya sa auna hargitsin iska ya tashi daga aikin masu nazarin taurari ya zama batun kuɗi da kwangila.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka ƙwallafa rai a kan hasken lesa a fili yake. Zangon rediyo ya cika maƙil, kuma duk mai son amfani da shi sai ya bi ta rabon da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke birnin Janeba take yi, sa'an nan ya nemi lasisi a ƙasarsa. Dokokin rabon nan sun tsaya ne a kan igiyoyin da ba su wuce gigahaz 3,000 ba, alhali hasken da aka fi amfani da shi wajen sadarwa yana kaɗawa kusan gigahaz 193,000. Gwargwadon saurin kaɗawar igiya, gwargwadon yawan bayanan da za a iya ɗora mata. Bugu da ƙari, hasken lesa siriri ne, ba ya bazuwa kamar rediyo, saboda haka yana da wuyar satar sauraro, na'urorinsa kuma ba su da nauyi, abin da ke rage kuɗin harba tauraro. A shekarar 2023 wata na'urar NASA mai suna TBIRD, wadda aka ɗora a kan wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da mutum guda zai iya runguma, ta sauke gigabit 200 a sakan, ta kuma taɓa sauke terabayit 4.8 cikin minti 5 da ta yi tana giftawa ta saman tashar ƙasa.

A can sama, inda babu iska, cinikin ya riga ya kankama. Tun shekarar 2016 hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, tare da kamfanin Airbus suka fara gudanar da tsarin EDRS, wanda ke karɓar hotuna daga taurarin da ke leƙen ƙasa ta hanyar lesa da gudun gigabit 1.8 a sakan. Taurarin kamfanin Starlink su ma suna miƙa wa junansu saƙo da lesa. Sai dai idan aka zo saukowa ƙasa, galibinsu komawa suke yi kan rediyo. Abubuwa biyu ne suka jawo haka: girgije, wanda ke toshe haske ɗungurungum, da hargitsin iska, wanda ba ya toshewa amma yana ɓata shi.

Duk wanda ya taɓa bin kwalta da tsakar rana a lokacin bazara ya ga kawalwalniya tana rawa a gabansa, ya ga motar da ke can nesa tana lanƙwashewa kamar hoto a cikin ruwa. Wannan shi ne hargitsin da ake magana a kai. Rana tana ƙona ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kusa da ita, iska mai zafi ta tashi ta gauraya da mai sanyi, sai a sami dunƙule-dunƙulen iska masu bambancin zafi, wasu ba su wuce 'yan milimita ba, wasu kuwa sun kai gomman mitoci. Da yake haske ya fi sauri kaɗan a cikin iska mai zafi bisa mai sanyi, kowane dunƙule sai ya zama kamar gilashin tabarau mai rauni, yana karkatar da hasken. Dubban irin waɗannan tabarau ne ke shawagi a kan hanya, iska tana kora su. Ƙyafƙyaftawar da taurari ke yi da dare ba daga taurarin take ba, daga nan take.

Ga mai kallon sama wannan ado ne, ga mai sayar da sadarwa kuwa asara ce. Ƙarfin hasken da ke isa tasha yakan hau ya sauka sau ɗaruruwa a cikin sakan guda, wani lokaci ya dusashe sarai na ɗan ƙanƙanin lokaci. A layin da ke ɗaukar gigabit 100 a sakan, dusashewar kashi ɗaya cikin dubu na sakan tana nufin bit miliyan 100 sun salwanta. Har ila yau, hasken da ya iso dole a tattara shi a zura shi cikin zaren gilashi irin na wayar sadarwa, wanda ramin da haske ke bi a cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, watau ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Hasken da iska ta yamutsa ba ya yarda ya dunƙule a ɗigo guda. Sai ya warwatsu, mafi yawansa ya zube a gefen ramin.

Saƙon da ke hawa sama ya fi mai saukowa shan wahala. Mai saukowa yana isowa da faɗi, iska ta taɓa shi a ƙarshen tafiya, babban madubi kuma yana iya kwasar wurare masu haske da masu duhu a lokaci guda su rama wa juna. Mai hawa kuwa tun a bakin ƙofa iska take karkatar da shi, sa'an nan kuskuren ya yi ta girma har tsawon kilomita 36,000, inda taurarin da ke tsaye daidai kan wuri guda suke. Karkatar da ba ta wuce milimita guda a cikin kilomita ba, kafin ta isa can ta zama mita 36.

Ilmin auna wannan hargitsi ya samo tushe ne daga Tarayyar Sobiyet. A shekarar 1941 masanin lissafi Andrey Kolmogorov ya bayyana yadda manyan guguwowi ke karyewa su zama ƙanana, ƙananan su ma su karye, bisa wata ƙa'ida da ake iya lissafawa. Daga baya Valerian Tatarskii ya ɗora ka'idar a kan tafiyar haske da sauti a cikin iska. A tsakiyar shekarun 1960 wani Ba'amurke, David Fried, ya taƙaita lamarin a cikin lamba guda da ake faɗa da santimita, wadda har yau ake kira ma'aunin Fried. Ma'anarsa ita ce faɗin wurin da haske ke isowa a miƙe ba tare da ya yamutse sosai ba. A kan duwatsu masu kyau da dare, ga hasken da ido ke gani, ma'aunin kan kai santimita 10 zuwa 20. A ƙasa mai zafi da rana kuwa yakan faɗo zuwa 'yan santimita kaɗan. Hasken sadarwa, da yake igiyarsa ta fi tsawo, ma'auninsa kan ninka na hasken ido kusan sau huɗu, wanda hakan na daga cikin dalilan da suka sa aka fi son sa.

A nan ne lissafin masana ya haɗu da na mai jari. Maganin da aka fi dogaro da shi shi ne madubi mai gyara kansa, dabarar da masanin taurari Horace Babcock ya kawo a shekarar 1953, sojojin Amurka suka raya ta a asirce, sa'an nan suka saki sakamakonsu ga jama'a a shekarar 1991. Madubin siriri ne, a bayansa akwai 'yan ƙananan turaku da ke tura shi ko su ja shi, na'ura mai ƙwaƙwalwa tana auna yadda iska ta lanƙwasa hasken, ta lanƙwasa madubin akasin haka. Yawan turakun da ake bukata ya danganta ne da sau nawa ma'aunin Fried zai shiga cikin faɗin madubin tashar, a tsaye da kuma a kwance. Madubi mai faɗin mita guda a wurin da ma'aunin ya kai santimita 10 yana bukatar turaku kimanin 100; idan ma'aunin ya faɗi zuwa santimita 5, bukatar ta koma 400. Ke nan kuskuren rabi a wajen awo na iya ninka girman na'urar sau huɗu, ko kuwa ya bar kamfani da na'urar da ba ta iya aikin da aka saye ta dominsa. Wanda ya yi odar kayan tasha kafin ya auna iskar wurin, cinikin biri a sama ya yi.

Ma'auni na biyu shi ne lokaci: tsawon lokacin da iska ke ɗauka kafin ta sake fasali, wanda yawanci 'yan kashi kaɗan ne cikin dubu na sakan. Shi ne ke faɗa wa injiniya sau nawa madubin zai motsa a sakan.

Na uku ya fi su sarƙaƙiya, ya kuma cancanci a tsaya a kansa. Haske na ɗaukar kusan rubu'in sakan ya je tauraron da ke nisan kilomita 36,000 ya dawo, cikin wannan lokaci kuwa tauraron ya gusa da ɗaruruwan mitoci. Tasha tana ganin tauraron a inda yake ɗazu, dole kuma ta harba haskenta zuwa inda zai kasance nan gaba, kamar yadda maharbi ba ya saita tsuntsun da ke tashi, gabansa yake harbi. Tazarar da ke tsakanin hanyar saukowa da ta hawa ƙarama ce ƙwarai, kamar santimita 2 a kowace kilomita, amma a tsayin kilomita 10, inda iska mai tsananin gudu ke kaɗawa, hanyoyin biyu sun rabu da kusan santimita 20. Ga taurarin da ke kusa da duniya, waɗanda suka fi gudu, tazarar kan kai rabin mita. Idan hargitsin wurin a kusa da ƙasa ya taru, gyaran da aka auna daga hasken da ya sauko zai yi wa mai hawa amfani, tunda a can ƙasa hanyoyin biyu kusan ɗaya ne. Idan kuwa a sama ya taru, gyaran na wata iska ce dabam, ba ta wadda hasken zai bi ba. Saboda haka bai isa a san yawan hargitsi ba, sai an san a wane tsayi yake.

Na'urorin awon kusan dukansu gadon masu nazarin taurari ne. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce DIMM, wadda Marc Sarazin da François Roddier suka bayyana a shekarar 1990, sa'ad da ƙungiyar nazarin taurari ta Turai ke neman wurin kafa manyan madubanta a ƙasar Chile. Dabararta mai sauƙi ce: ana rufe bakin ƙaramin madubin hangen nesa a bar ramuka biyu, tauraro guda ya fito gida biyu, sai a riƙa auna yadda hotunan biyu ke matsowa ko nisantar juna. Idan iska ce ta girgiza na'urar, hotunan tare za su motsa, ba a lissafa wannan; bambancin motsinsu kaɗai ne aikin hargitsi. Domin gano tsayin da hargitsin yake kuwa akwai SCIDAR, wadda ta samo asali a Faransa cikin shekarun 1970, tana duba inuwar ƙyaftawar taurari biyu makusanta, sai dai tana bukatar babban madubi. Akwai kuma balan-balan da ake saki ɗauke da siraran wayoyi masu jin bambancin zafi, da na'urar da ke harba sauti sama ta saurari amsa-kuwwarsa daga iskar da ke kusa da ƙasa.

Matsalar wannan gado ita ce, masu nazarin taurari da dare suke aiki, a kan tsaunuka marasa mutane, suna duban abin da ke saman kansu. Mai sayar da sadarwa kuwa yana son layinsa ya yi aiki da azahar kamar yadda yake yi da asuba, yana son tasharsa kusa da wayar gilashi da wutar lantarki da hanyar mota, sau da yawa kuma tauraronsa a karkace yake. Tauraron da ya ɗago digiri 30 daga gefen sama, haskensa na ratsa ninki biyu na iskar da na tsakiyar sama ke ratsawa. Tsofaffin na'urori ba sa ganin taurari da rana, wasunsu kuma lissafinsu kan rikice idan hargitsi ya yi tsanani. Shekaru da yawa masu tsara tashoshi sun cike gurbin da wani ƙiyasi da ake kira Hufnagel-Valley, wanda ke ɗauka cewa ma'aunin Fried santimita 5 ne. Ƙiyasi ne mai amfani a kan takarda, amma ba ya san bambancin Hawayi da hamada. A shekarar 2023 masana na jami'ar Durham da ke Ingila suka ba da sanarwar cewa sun auna hargitsi hawa-hawa na fiye da yini guda cur, dare da rana ba yankewa, a tsibirin La Palma, da wata ƙaramar na'ura mai ganin taurari masu haske ko da rana tsaka.

Darussan da ake aiki da su yau an koye su ne a hankali. A shekarar 1994 ƙasar Japan ta harba tauraron ETS-VI ɗauke da na'urar lesa, amma injinsa ya gaza kai shi mazauninsa. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin karkataccen falakin da ya faɗa ya sa ana iya ganinsa daga Amurka, sai injiniyoyin NASA suka yi ta magana da shi daga dutsen Table Mountain a Kalifoniya tsakanin ƙarshen 1995 da tsakiyar 1996, da gudun megabit guda a sakan. A can suka nuna cewa idan aka raba hasken da ke hawa gida biyu ko huɗu, aka harba ta wurare dabam-dabam, da wuya su dusashe tare. An sake amfani da wannan dabara a shekarar 2013, sa'ad da wani kumbo da ke kewaya wata ya sauke megabit 622 a sakan zuwa tashar White Sands, mai madubai huɗu na aikawa da huɗu na karɓa. Turawa su ma sun tara awo mai yawa a tasharsu ta tsibirin Tenerif, mai tsayin kimanin mita 2,400, tare da tauraron Artemis da aka harba a 2001.

Wasu kuma sun gwammace su gwada a ƙasa, inda iska ta fi muni. Cibiyar sararin samaniya ta Jamus ta tura terabit 1.72 a sakan tsakanin wurare biyu masu nisan kilomita 10 da ɗoriya a jihar Bavariya a shekarar 2016, ta ɗaga shi zuwa terabit 13.16 a 2018. A shekarar 2023 masana na birnin Zurich da abokan aikinsu na Faransa suka bayyana cewa sun tura kusan terabit guda a sakan daga tsaunin Jungfraujoch zuwa kusa da birnin Bern, nisan kilomita 53, da madubi mai turaku 97 da ke gyara kansa sau 1,500 a sakan.

Duk da haka, babu madubin da ke huda girgije. Kwangilar da ta yi alkawarin aiki kashi 99.9 cikin ɗari ta bar wa kamfani ƙasa da sa'o'i 9 ne kacal na yankewa a shekara, kuma babu wuri guda a duniya da sararinsa ke buɗe haka. Dole a kafa tashoshi da dama masu nisa da juna, idan hadari ya rufe wannan a juya wa waccan. Shi ya sa NASA, da ta harba tsarinta na LCRD a watan Disamba na 2021, ta ba shi tasha guda a Kalifoniya, guda a kan dutsen Haleakala na Hawayi. Kowace tasha kuɗi ce, kuma awon da aka yi tun farko ne zai nuna guda nawa ake bukata.

'Yan kasuwar Nijeriya sun ɗanɗana abin da dogaro da hanya guda ke jawowa ran 14 ga watan Maris na 2024, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na intanet suka shiga tangal-tangal. Taurarin da suka shafi ƙasar kai tsaye, watau NigComSat-1R da aka harba a watan Disamba na 2011 da na Starlink da suka fara hidima a Nijeriya a watan Janairu na 2023, da rediyo suke magana da ƙasa. Idan wata rana batun tashar lesa ya taso a wannan yanki, akwai abin da ke gefensa: ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suna ganin taurarin da ke tsaye a daidai layinsu kusan a saman kai, watau ta gajeriyar hanya, saɓanin Turai inda suke a karkace.

Akwai kuma abin da ke gabansa. Kudu tana da girgije mafi yawan watannin shekara. Arewa sararinta ya fi buɗewa, amma tana da ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda kan hana jiragen sama sauka a Kano, ga kuma zafin bazara da ke tayar da hargitsi mafi tsanani kusa da ƙasa. Ƙura da hargitsi ba abu ɗaya ba ne: ƙura rage haske take yi, hargitsi yamutsa shi yake yi, ranar da sama ta fi wankewa tas tana iya zama ranar da iska ta fi rawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 wata na'ura a jami'ar Ilorin, cikin jerin tashoshin AERONET na NASA, take auna ƙurar da ke cikin iska, amma wannan amsar tambaya guda ce cikin biyu. Tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 da na Mambila da ya haura mita 1,500 sun ɗara sauran wurare tsayi, ko da yake ba su kai Tenerif ko Haleakala mai mita 3,000 ba. Awon da za a iya kai wa banki a nemi rance da shi a irin waɗannan wurare sai ya ɗauki aƙalla shekara guda, dare da rana, ya ratsa hunturu da bazara da damina da kaka, tare da lissafin girgije da ƙura a gefe guda.